Yaushe ya fi dacewa a kai tsoho Umra?

Tambayar ta fito daga wani ɗan'uwa manomi da ke zaune a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Ya ce: "Assalamu alaikum, Malam. Allah Ya sa riɗi ya yi albarka, na tara abin da za mu je Umra ni da mahaifina. Ya haura shekara 70, yana shan maganin hawan jini, amma da ƙafarsa yake zuwa masallaci. Wani ejan ya ce mini kujera ta fi araha a Yuli da Agusta. Shi kuma Baba ransa na kan azumi. Da na yi maganar zafin Makka, sai abokaina suka ce wanda ya sha bazarar Gumel wane zafi ne kuma zai ba shi tsoro. Wane lokaci ya fi dacewa mu tafi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi maka albarka, ɗan'uwa, Ya ba ka masu yi maka fiye da haka. Bari in ba ka amsar tun yanzu, kada ta ɓace cikin dogon bayani: ka kai Baba tsakanin tsakiyar Nuwamba da ƙarshen Fabrairu. Da ni ne, farkon wannan lokacin zan zaɓa, wato daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Kujerar Yuli da Agusta kuwa, ko rabin kuɗi aka ce ka biya, ka bar wa ejan kayansa. Na daɗe ina aikin lafiya a karkara, na kuma yi rakiyar maniyyata da zafi da sanyi, don haka abin da zan faɗa maka wani karatu ne, wani kuma ido ne ya gani.

Abokanka suna da gaskiya ta wani gefen. Bazararmu ba wasa ba ce. A Afrilu da farkon Mayu, Gumel da Haɗeja da Malam Madori duk sukan haura digiri 40 da rana. Amma ka duba tsawonta. Zafinmu yakan fara tsanani a Maris, ya kai maƙura a Afrilu da Mayu, da ruwa ya zauna a Yuni sai gari ya sarara. A Agusta, lokacin marka, da ƙyar rana ke wuce digiri 31 ko 32, har mutum ya ja mayafi da asuba. Makka ba ta san wannan sauƙin ba. Tun daga Mayu har ƙarshen Satumba, wata biyar cur, matsakaicin zafin rana yana tsakanin digiri 42 da 44, kuma Yuni ya fi kowane wata. Matsakaici fa na ce, ma'ana akwai ranaku da yawa da suka wuce haka. Oktoba ma wajen 40 yake. Ranar da muke kira mafi zafi a shekara a nan, ita ce ranar yau da kullum a can, kusan rabin shekara.

Dalilin bambancin shi ne iskar da ke kawo mana damina. Daga Tekun Atlantika take tasowa ɗauke da danshi, ta hauro arewa sannu a hankali, ta shiga Kano da Jigawa, ta wuce Nijar, ta tsaya a bakin Sahara, sannan ta juya kudu a Satumba da Oktoba. Makka tana can gabas, a ƙetaren Bahar Maliya, kuma ta fi mu kusa da arewa sosai, saboda haka ruwan wannan iskar ba ya kai mata. Ruwan da take samu a shekara guda bai wuce milimita 110 ko kusa da haka ba, alhali Kano a watan Agusta kaɗai takan sami ninkin wannan har da ƙari. Tun a addu'ar Annabi Ibrahim, alaihis salam, a cikin Alƙur'ani, an siffanta wurin da kwarin da ba shi da shuka.

Abin da abokanka ba su lura da shi ba ke nan. Jiki yana sabo da zafi, yana kuma mancewa da shi. Wanda ya sha bazara a Afrilu, kafin Agusta jikinsa ya saki, ya koma na damina. Sai a ɗauki dattijo daga sanyin marka, a sa shi a jirgi, cikin awa biyar a sauke shi a tsakiyar digiri 43. Jikin matashi mai lafiya yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya daidaita da sabon zafi, na tsoho ya fi haka jinkiri. Mako biyun nan kuwa su ne duk tsawon Umrar. Kafin jikin Baba ya fara sabawa, an kira ku filin jirgi.

Sannan ka tuna yadda muke zama da zafi a gida. Wane dattijo ne ke yawo da tsakar rana a bazara? Yana kan tabarmarsa a gindin darbejiya, ga buta, ga ruwan randa, masallaci taku kaɗan ne daga ƙofar gida. In ya gaji ya kishingiɗa. A Makka ba haka ba ne. Kujera mai araha, masaukinta nesa yake da Harami, ko dai ku taka a ƙasa ko ku jira mota ta sauke ku a tasha ku ƙarasa da ƙafa. Kuma na san halin iyayenmu. Mutumin da ya shekara 70 yana fuskantar Ka'aba daga nesa, yau ga shi a garinta, ba za ka iya zaunar da shi a ɗaki yana jin kiran sallar Azahar ba. Zai fita, da kai ko ba da kai ba. Hukumomin Saudiyya da kansu sun hana sa ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba kowace shekara. Ranar da aka hana lebura majiyi ƙarfi tsayuwa a cikinta, ita ejan yake so ya sayar maka ka shigar da mai hawan jini. Arahar ba daga tausayi ta fito ba, mutane ne suka guji lokacin, ɗakuna suka zauna babu kowa.

Dare ma ba ya kawo ɗauki. Makka kwari ce da duwatsu suka kewaye, ga kwalta, ga dogayen gine-gine. Ka san yadda duwatsun murhu suke bayan an sauke tukunya an kashe wuta, su daɗe suna huci, ba ka iya taɓa su. Haka garin yake a waɗannan watannin, duwatsun su sha rana wuni guda, dare ya yi su riƙa mayar da ita. Mafi sanyin lokaci, wato gab da asuba, wajen digiri 29 ne. Wani lokaci kuma danshi ya taso daga Bahar Maliya ta wajen Jidda, zufa ta ƙi bushewa a jiki, musamman a Agusta da Satumba.

Wani abu da zai nuna maka yadda ranar take: sau biyu a shekara, wajen 28 ga Mayu da 16 ga Yuli, rana takan tsaya daidai saman Ka'aba da tsakar rana, har ɗakin ya rasa inuwa ta kowane gefe. A agogonmu ƙarfe 10:18 na safe ke nan a Mayu, da 10:27 a Yuli. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan mintin ya fuskanci alƙibla, kuma masu gina masallaci a ƙauye za su iya kafa sanda su gyara sahunsu da inuwarta. Amma ga mai tafiya a titin Makka, ma'anar wannan ita ce a watannin nan ko jikin bango ka raɓa da Azahar ba za ka sami inuwar kirki ba.

Ba na son tsoratar da kai, amma Hajjin 2024 ba abin mancewa ba ne. A tsakiyar Yuni ya faɗo. Ma'aunin zafi a Masallacin Harami ya kai digiri 51.8, kuma ministan lafiya na Saudiyya ya sanar da rasuwar mutum 1,301. Ya ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, sun yi doguwar tafiya a rana ba tare da mafaka ba, kuma akwai tsofaffi da masu daɗaɗɗen ciwo a cikinsu. Allah Ya jiƙansu. Hajji lokacinsa ƙayyadadde ne, ba mai matsar da shi. Umra kuwa an bar maka zaɓi, to ka yi amfani da zaɓin.

Ko da babu maganar zafi, wane manomi ne ke barin gida a Yuli da Agusta? Ga maimai, ga zuba taki, ga ginin ƙasa da ke jiƙewa a marka. Mun ga abin da ambaliya ta yi a Jigawa a 2022, daga Ringim har Auyo da Kafin Hausa. Kana ɗawafi hankalinka na kan katangar gida da gonar riɗi, ibadar ma ba za ta yi maka daɗi ba.

To, lokacin sanyi fa? A Disamba da Janairu da Fabrairu zafin rana a Makka wajen digiri 30 zuwa 32 ne, dare kuma 19 zuwa 20. Ka ga ko sanyin hunturunmu bai kai ba, domin mu nan da asubar Janairu mukan sauka 13 ko ƙasa da haka. Babu jin ɗari, babu hura wuta, babu kuma zafin da zai hana fita. Nuwamba yana farawa da ɗan zafi, matsakaicinsa wajen 35, amma daga tsakiyarsa gari ya fara daɗi. A irin wannan lokacin dattijo zai iya zama a farfajiyar Harami bayan La'asar ya yi ta kallon Ka'aba har Magariba, ba mai cewa ya tashi. Wannan zaman shi ne abin da yawancin iyayenmu ke dawowa suna ba da labari, kuma shi ne abin da mai zuwa a Yuli ba ya samu.

Abin da ya sa na fifita tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba a kan sauran ya haɗa da gonarka. A yankinku, lokacin gero ya shiga rumbu, an kakkaɓe riɗi ya tafi kasuwa, roron wake ya yi nisa. Abin da ya rage dawa ce da zoɓo, waɗanda ƙannenka za su iya tsayawa a kai. Ta can ɓangaren kuma, ƙarshen Disamba lokacin hutun makarantu ne a ƙasashe da yawa, iyalai sukan cika Makka da Madina, kuɗin masauki ya tashi. Ga watan Rajab, wanda jama'a da dama ke son yin Umra a cikinsa, daga shi sai Sha'aban, cunkoso na ta ƙaruwa har azumi. A 2026 Rajab yana kamawa wajen 10 ga Disamba, a 2027 kuma wajen ƙarshen Nuwamba, saboda haka ka duba kalandar shekarar da za ku tafi ka yi ƙoƙari ku riga shi. Akwai kuma hazo. Yakan fi kauri daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu, kuma idan ya rufe sararin Kano jirgi kan yi jinkiri, wani lokaci a ɗage tashi gaba ɗaya. Kwanan filin jirgi a kan benci da dattijo ba ƙaramar wahala ba ce. Duk lokacin da kuka zaɓa, ku shigo Kano tun ana gobe tashi, ku kwana wurin 'yan'uwa, kada ku fito daga ƙauye da asubar ranar a cikin ɗari. In kuma kana noman rani, alkama na son shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, to sai ka gama shukarka ku tafi a Janairu, ka haƙura da ɗan cunkoson.

Ɗan ruwan da Makka ke samu, yawancinsa a waɗannan watannin yake sauka, daga Nuwamba zuwa Janairu. Ba damina ba ce, kuna iya yin mako biyu ba ku ga ɗigo ba. Amma in ya zo yakan zo da ƙarfi, kuma tunda dutse ba ya shan ruwa, duk sai ya gangaro kwari lokaci ɗaya. A 1941 ruwa ya cika Harami har aka ɗauki hoton masu iyo a gefen Ka'aba. A 25 ga Nuwamba 2009 ambaliya ta kashe sama da mutum 100 a Jidda, kuma a Nuwamban 2022 an yi ruwan da ya jinkirta jirage ya sa aka rufe hanyar Jidda zuwa Makka na wani lokaci. An gina manyan magudanai, ba abin da zai hana tafiya ba ne. Abin da nake so ka riƙe shi ne farin dutsen Harami yana santsi in ya jiƙe. Za ka ga matasa na rige-rigen ɗawafi a cikin ruwa. Kai dai ka riƙe hannun Baba ku koma ƙarƙashin rufi, karayar ƙugu a wannan shekarun ba ta da daɗin jinya.

Inda sanyi zai ba ku mamaki Madina ce. Ta fi Makka kusa da arewa, kuma tana kan tudu, wajen mita 600 sama da teku. A Janairu rana ba ta wuce digiri 24, dare kuma 11 ko 12, wani lokaci ƙasa da haka, ga iska. Da Asuba, a farfajiyar Masallacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, dutsen ƙasa yakan yi sanyi ƙarara, yana shiga gwiwa. Na ga dattawa sun zo da 'yar shara da hula kawai saboda an ce musu Saudiyya ƙasar zafi ce, kwana biyu sai tari da mura. Ka sa wa Baba rigar sanyi da safa da rawani ko mayafi mai kauri a jaka, da darduma mai ɗan tudu. In daga Madina za ku ɗauki harami, a Zul Hulaifa ke nan, wurin da ake kira Abyar Ali. Ka roƙi a tsara muku fita da hantsi. Wanka da ruwa da tsakar dare, sannan zane biyu kawai a jiki, sannan awa biyar ko shida a motar da ke hura sanyi, wannan kaɗai ya isa ya kwantar da tsoho kafin ya ga Ka'aba. Mai harami yana iya yafa bargo a kafaɗa, kansa ne kawai ba zai rufe ba. In aljihu ya yarda, akwai jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018, yana cin kilomita 450 ɗin nan cikin awa biyu da 'yan mintuna.

Yanzu maganar azumi, wadda na san ita ce a zuciyar Baba. Kada ka yi masa gardama a kai, hujjarsa mai ƙarfi ce. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim, daga Ibn Abbas, cewa Umra a Ramadan tana daidai da Hajji a lada. Kuma ta fuskar yanayi, shekarun nan suna tare da shi. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, shi ya sa azumi ke zagaya damina da rani da hunturu cikin shekara 33. A 2015 an ɗauki azumi a 18 ga Yuni, waɗanda suka yi Umra a lokacin su ne masu ba da labarin faɗuwar mutane a hanya. A 2025 an ɗauka a 1 ga Maris, a 2026 wajen 18 ga Fabrairu, a 2027 wajen 8 ga Fabrairu, a 2028 ƙarshen Janairu, haka zai yi ta ja da baya, har a 2030 a ɗauki azumi sau biyu, a farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Wunin azumi a Makka a Fabrairu wajen awa 13 ne, a Yuni kuwa yana kusantar 15.

Saboda haka matsalar azumi yanzu ba rana ba ce, jama'a ce. A goman ƙarshe, musamman dararen mara da daren saukar Alƙur'ani, masallaci kan cika tun kafin Magariba, a tare hanyoyin shiga, sahu ya fito har kan tituna. Mai son sallah a ciki sai ya shiga da wuri ya zauna awanni. Banɗakuna kuma a waje suke, a farfajiya. Wanda ya fita kama ruwa ba lalle ya sami komawa ba. Ka auna wannan da dattijon da ke tashi fitsari sau uku ko huɗu cikin dare. Kuɗin masauki a goman ƙarshe kuwa yakan ninka na sauran shekara, har kuɗin da zai kama muku ɗaki kusa da Harami a Nuwamba ya kai ku bayan gari. Hadisin ya ce Ramadan, bai ware goman ƙarshe ba. In Baba ya dage, kuma likita ya amince, ku tafi a goman farko ku dawo kafin ashirin ga wata. Ranakun da kuke kan hanya kuwa Allah Ya yi wa matafiyi rangwame ya sha ya rama, ka lallashe shi ya karɓi rangwamen. Ni dai a ganina, tafiyar farko ta mai shekara 70 ta fi kyau a wajen azumi, ya san wurin, ya yi ibadarsa a natse. In Allah Ya sake horewa, azumi na nan cikin sanyi har shekaru masu yawa.

Akwai abu ɗaya da nake so ka kula da shi fiye da komai, ko a wane wata kuka je, shi ne ruwan sha. Iskar Makka busasshiya ce a yawancin lokaci, zufa na bushewa kafin a ganta, mutum bai san yana zubar da ruwan jiki ba. Tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro. A kan wannan sai ka ƙara dabarar da iyayenmu ke yi a ɓoye: suna ƙin shan ruwa da gangan don kada alwala ta karye su rasa wurinsu a sahu. Za ka miƙa masa kofi ya ce ya sha, alhali bai sha ba. Yawancin dattawan da na gani sun yanke jiki sun faɗi, da aka bincika wannan ne sanadi. Wasu magungunan hawan jini kuma aikinsu ke nan su sa fitsari, saboda haka ruwan na fita ta hanya biyu. Kada ka dakatar masa da magani da kanka. Ka kai shi asibiti kafin tafiya da kwalayen maganin a hannu, ka gaya wa likita inda za ku da watan da za ku, ya duba ko akwai abin da za a gyara. A can kuma ka tsaya a kansa ya sha a gabanka, kaɗan-kaɗan, bayan kowace sallah da tsakaninsu. Randunan Zamzam suna jere a ko'ina cikin masallaci, wasu an rubuta a jikinsu cewa ba masu sanyi ba ne, su za ka nema masa saboda maƙogwaro. In fitsarinsa ya yi kaɗan ya yi ja, ruwa ya gaza. Ka nemi wurin zama kusa da ƙofar da ke fuskantar banɗaki, ka ce masa sake alwala ba asara ba ce.

Ciwon kai, jiri, kasala da ɗaurewar jijiyar ƙafa alamun farko ne, sai a koma inuwa a sha ruwa a huta. Amma in ka ga ya ruɗe, yana magana ba kan gado, ko bai gane ka ba, jikinsa ya yi zafi rau, wannan ba na jira ba ne. Ka kwantar da shi a inuwa, ka kwarara masa ruwa a jiki, ka yi masa fifita, ka kira ma'aikatan agaji da ke cikin masallacin da kewayensa. Lambar motar asibiti a can 997 ce.

Ka kuma san cewa Umra tafiya ce ta ƙafa. Safa da Marwa kaɗai, kai-kawo bakwai, kusan kilomita 3 ne. Ka haɗa da ɗawafi da tahowa daga masauki, sai ka ga an doshi 5. Wurin sa'ayi a rufe yake, akwai na'urar sanyaya wuri, kuma filin ɗawafi an shimfiɗe shi da farin dutsen da aka kawo daga Girka wanda ba ya ɗaukar zafi. Da kun fito waje kuwa labari ya canza, kwalta na ƙona tafin ƙafa ko a Nuwamba in rana ta take. Kada ku bar takalma a ƙofa, ba za ku fito ta inda kuka shiga ba. Ku sa su a 'yar jaka ku rataya. Ranar da kuka iso, ku ci abinci ku yi barci tukuna, sannan ku yi Umrar da tsakar dare ko da hantsi. Akwai keken guragu da masu turawa, ba abin kunya ba ne in ƙafa ta gaza. Lema ma ku riƙe. Ya zo a Sahihu Muslim cewa a Hajjin Bankwana an ɗaga tufa an yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, inuwa saboda zafi. Hawan dutsen Kogon Hira ba ya cikin ayyukan Umra, ku tsaya daga ƙasa ku gani.

Maris da Afrilu ba su kai watannin tsakiyar shekara ba, amma zafi ya fara dawowa, 35 a Maris, kusan 39 a Afrilu. Kuma Saudiyya kan rufe shigar masu Umra daga waje a cikin Shawwal saboda shirin Hajji, sai an gama sannan a buɗe.

In Nuwamba ka nufa, tun Satumba za ka fara shiri. Fasfo tukuna, naka da nasa. Sai allurar sanƙarau, wadda ake so a yi aƙalla kwana 10 kafin shiga ƙasar, da katin allurar shawara, da ɗigon shan inna. Ejan kuma ka tabbata yana da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, kafin ka ba shi ko sisi. Ka ce ya rubuta maka sunan masaukin Makka da na Madina a takarda, da nisan kowanne daga masallaci a mita, ba a minti ba, domin mintin ejan da na mai shekara 70 ba ɗaya ba ne. Ka ba wani yaro mai waya ya duba maka sunan a taswira. In kuɗin bai isa komai ba, ka rage kwanaki ka rage tsaraba, ka sa abin da ya ragu a kusancin masauki. Maganin Baba kuma a jakar hannu zai shiga jirgi, da ƙarin na mako guda a kan kwanakin tafiyar.